Nazarin lamari: gano rotabairos a asibitin yara na Melbon da hanyoyin gwajin da suka biyo baya

A farkon shekarun 1970, idan aka kwantar da ƙaramin yaro a asibiti saboda gudawa da amai, abin da ɗakin gwaje-gwaje yake iya yi masa bai wuce abu biyu ba. Za a shuka bayan gidansa a faranti domin a ga ko bakteriya irin su Salmonella ko Shigella ko wasu nau'o'in E. coli za su tsiro, sannan a duba shi a madubin likita domin neman tsutsotsin ciki da makamantansu. A asibitin yara na Royal Children's Hospital da ke birnin Melbon na ƙasar Ostireliya, kamar yadda yake a sauran manyan asibitocin duniya a lokacin, mafi yawan waɗannan samfura sukan dawo babu wata ƙwayar cuta da za a ɗora wa laifi, alhali ga yaron a kwance jikinsa ya bushe ana yi masa ƙarin ruwa. Likitoci sun daɗe suna zargin cewa bairos ne, domin cutar tana yawaita a lokacin sanyi, tana yaɗuwa daga gado zuwa gado, kuma maganin kashe bakteriya ba ya rage mata komai. Amma duk wanda ya yi ƙoƙarin rainon wannan bairos a cikin sel, wato ƙananan ƙwayoyin da suka gina jiki, waɗanda ake ajiyewa a kwalba, wato hanyar da aka bi aka kama bairos ɗin shan inna da na ƙyanda, sai ya tashi hannu biyu.

Wannan rubutu ya bi diddigin abin da ya faru a wannan asibiti daga 1973 zuwa gaba, saboda kusan kowace hanyar gano bairos ɗin gudawa da ake amfani da ita a yau an gwada ta a kan yaran Melbon, kuma a can ne aka ga ƙarfin kowace ɗaya da inda take gazawa.

Inda aka fara

Ruth Bishop masaniyar bakteriya ce, kuma da bakteriya ta fara nema. Tana aiki ne a sashen cututtukan ciki na asibitin, ƙarƙashin jagorancin likita Rudge Townley. Kafin a kai ga maganar bairos, Townley da Graeme Barnes sun riga sun yi wani aiki da ya sauya alkiblar binciken. Suna zura wa yaro siririn bututu ta baki har ya isa farkon ƙaramin hanji, a tsinko ɗan gutsuren naman bangon hanjin, a yanka shi a duba. Abin da suka gani shi ne bangon ya lalace ƙwarai: 'yan yatsun nan da suke tsotsar abinci da ruwa sun gajarce, wasu sun baje, kuma sel ɗin da suke lulluɓe da su sun sauya kama. Wannan ya nuna ainihin wurin da ɓarnar take aukuwa. Bishop ta nemi bakteriya a wannan wuri, ba ta sami wadda za ta bayyana irin wannan lahani ba.

A ganina wannan mataki ne ya fi kowane muhimmanci a labarin, ko da yake ba shi ake yawan ambata ba. Da zarar an san inda cutar take cin jiki, tambayar ta tashi daga "wace ƙwaya ce a jikin yaron" ta koma "me ke cikin waɗannan sel ɗin da suka lalace", kuma tambaya ta biyun tana da na'urar da za ta amsa ta.

Na'urar ita ce madubin ilektaron. Madubin likita na yau da kullum, mai aiki da haske, ba ya iya bambance abin da ya gaza nanomita 200 ko kusa da haka, alhali bairos ɗin da ake nema faɗinsa kamar nanomita 70 ne, kuma nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. A Jami'ar Melbon akwai Ian Holmes, masanin bairos da ya ƙware a kan wannan madubi, tare da Brian Ruck. A watan Mayu na 1973, daidai lokacin da sanyi yake shigowa a wannan sashe na duniya, likita Geoffrey Davidson ya riƙa ɗaukar gutsuren hanji daga yaran da aka kwantar, ana kai wa Holmes da Ruck. Aikin yana cin kwanaki: a daskarar da naman da sinadari, a binne shi cikin wani irin ƙaro mai tauri, a yanka shi siriri matuƙa, a rina shi da gishirin ƙarfe mai nauyi, sannan a saka a madubi. A cikin sel ɗin bangon hanjin suka ga ƙwayoyin bairos masu yawan gaske, zagayayyu, masu kama ɗaya.

Rahoton ya fito a mujallar The Lancet a watan Disamba na 1973. Yara tara aka duba, an ga bairos a shida daga cikinsu, kuma siffarsa iri ɗaya ce a dukkan shidan. Adadin ya yi kaɗan, ba shakka, amma akwai jimla guda a rahoton da ta ba shi nauyi: an sake ɗaukar gutsuren hanji daga uku cikin yaran bayan sun warke, ba a ga bairos ɗin ba. Wato masu binciken sun kwatanta yaro da kansa, lokacin ciwo da lokacin lafiya. Da farko sun ɗauka bairos ɗin daga rukunin orbibairos yake saboda kamanninsa, daga baya suka kira shi duwobairos. Sunan da ya zauna, rotabairos, Thomas Henry Flewett na birnin Birmingham a Ingila ne ya kawo shi a 1974, saboda ƙwayar ta yi kama da ƙafar keke a madubi.

Daga hanji zuwa bayan gida

Babu asibitin da zai mayar da tsinko naman hanji gwajin kullum ga kowane yaro mai gudawa. Flewett da abokan aikinsa sun ba da rahoto a cikin wannan wata na Disamba cewa sun ga irin waɗannan ƙwayoyi a bayan gidan yara kai tsaye, kuma mutanen Melbon sun bi wannan hanya a farkon 1974. Ana dama bayan gida da ruwan gishiri, a juya shi a na'ura da matsakaicin gudu domin tarkace da bakteriya su kwanta, a kwashi ruwan sama a sake juya shi da gudu mai tsanani har ƙwayoyin bairos su taru a ƙasan bututu. Daga nan sai a ɗiga kaɗan a kan wata 'yar raga ta tagulla, a zuba rini irin na sinadarin fosfotangastik, wanda yake kewaye ƙwayar ya duhunta bayanta, ita kuma ta fito da haske. Da wannan hanya an ga bairos a bayan gidan yara 11 cikin 14 masu gudawa, ba a gan shi ko a ɗaya cikin yara 9 da ba su da gudawa ba. A nan ma kwatancen ne ya tsayar da hujja.

Bayan haka aka shafe shekara guda ana duba duk yaron da aka kwantar da gudawa a asibitin, aka wallafa sakamakon a 1975. A mafi yawan watannin shekara an sami sabon bairos ɗin a fiye da rabin yaran, kuma a tsakiyar sanyi adadin ya kai kashi 73 cikin ɗari. Cutar da aka saba rubuta wa "ba a san sanadi ba" ta koma wadda ake iya faɗin sanadinta a kusan kashi uku cikin huɗu na marasa lafiya, idan aka haɗa da bakteriyar da aka sani tun da.

Dalilin da ya sa madubin ya yi nasara a kan rotabairos shi ne yawan ƙwayoyin da yaro yake fitarwa. Madubin ilektaron yana bukatar kimanin ƙwaya miliyan ɗaya a kowace mililita kafin mai dubawa ya yi karo da su, yaro kuwa a kwanakin farko na ciwo yana iya fitar da biliyan goma ko fiye a kowane giram na bayan gida. Norobairos bai zo da sauƙi haka ba. Albert Kapikian a Amurka ya gan shi a 1972, a samfurin da ya samo asali daga ɓarkewar amai da gudawa a wata makarantar firamare ta garin Norwalk na jihar Ohio a 1968, amma sai da ya gauraya samfurin da ruwan jinin wanda ya warke, sinadaran garkuwar da ke ciki suka dunƙule ƙananan ƙwayoyin wuri ɗaya, kafin idon mutum ya kama su. Da madubin nan dai aka gano astrobairos a 1975, da nau'o'in adenobairos na hanji waɗanda daga baya aka ba su lamba 40 da 41, da kuma sapobairos da aka danganta da ɓarkewar 1977 a wani gidan jarirai na birnin Sapporo a Japan.

Wannan jeri yana nuna wata fa'ida ta madubin da babu hanyar da ta gaje ta sai a 'yan shekarun nan. Mai duba madubi ba ya bukatar ya san abin da yake nema, duk abin da ke cikin samfurin da yawa zai gan shi. Amma na'urar tana da tsada, tana bukatar ƙwararre ya zauna a gabanta yana bin samfuri ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta iya faɗin ko rotabairos ɗin bana shi ne na bara.

Gwajin furotin

Abin da ya fitar da gwajin rotabairos daga jami'a ya kai shi asibitocin gama-gari shi ne ELISA. A 1977 Robert Yolken da abokan aikinsa a cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka suka nuna cewa hanyar tana aiki a kan bayan gida. Ana amfani da faranti na roba mai ramuka 96, wanda aka manna wa sinadarin garkuwa mai kama wani furotin na bairos ɗin. Idan aka zuba samfuri, furotin ɗin zai maƙale in yana nan. Sai a wanke, a zuba sinadarin garkuwa na biyu wanda aka ɗaura wa wani enzayim, wato furotin mai sauya wani sinadari zuwa wani, a sake wankewa, a ƙara ruwan da enzayim ɗin yake sauya wa launi. Ramin da ya yi launi yana da bairos, kuma wata na'ura ce take auna kaurin launin. Mutum ɗaya yana iya gwada samfura kusan casa'in a wuni guda, kuma dole ne kowane faranti ya ƙunshi ramin da aka san akwai bairos da wanda aka san babu, in ba haka ba sakamakon ba abin dogaro ba ne.

Furotin ɗin da ake farauta shi ne VP6. Ƙwayar rotabairos tana da ɓawo hawa uku, kuma VP6 ne ya gina na tsakiya. Shi ne ya fi kowane furotin yawa a jikin ƙwayar, kuma kusan iri ɗaya ne a duk rotabairos na rukunin A, wanda shi ne yake haddasa mafi yawan gudawar yara. Daga wannan tushe aka samu gwajin ƙananan ƙwayoyin roba na latex, inda ake ganin dunƙulewa da ido a kan kati, sannan daga baya aka samu 'yar sandar gwajin gaggawa mai nuna layi cikin minti goma zuwa goma sha biyar, wadda sau da yawa ake haɗa rotabairos da adenobairos a kanta. Ga norobairos kuwa gwajin furotin bai taɓa gamsarwa ba, domin nau'o'insa sun bambanta da juna sosai, sinadarin da ya kama wannan sai ya kuskure wancan.

Rainon bairos ɗin a kwalba, wanda ya gagara tun farko, ya yiwu daga baya. A 1980 Richard Wyatt da abokansa suka raini nau'in da ake kira Wa, bayan sun bi da shi ta jikin 'ya'yan alade da aka tayar babu wata ƙwayar cuta a jikinsu. A 1981 masu bincike a Japan suka nuna cewa idan aka jiƙa bairos ɗin da tiripsin, enzayim ɗin da ke narkar da abinci a hanji, aka zuba shi a kan sel ɗin ƙodar biri na layin MA104 a cikin bututu mai juyawa, zai hayayyafa. Tiripsin yana tsaga furotin VP4 da ke wajen ƙwayar gida biyu, kuma sai an yi wannan tsagawa take iya shiga sel. Abin da masu bincike na baya suka rasa ke nan, kwalbarsu ba ta da abin da hanji yake da shi. Raino bai zama gwajin asibiti ba saboda jinkirinsa, amma da shi aka samu bairos ɗin da aka yi rigakafi.

Jariran da ba su yi ciwo ba

A tsakiyar shekarun 1970 masu binciken Melbon suka juya ga ɗakunan jarirai na asibitocin haihuwa na birnin, musamman Royal Women's Hospital, sai suka tarar da abin da ba su zata ba. Jarirai da yawa 'yan kwanaki suna fitar da rotabairos a bayan gida, amma mafi yawansu lafiyarsu ƙalau, ko kuma gudawar ba ta taka kara ta karya ba. Madubi da ELISA duk sun ce akwai bairos, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai babu ɗayansu da zai iya bayyana abin da ya sa bairos ɗin da yake kwantar da ɗan wata tara bai taɓa ɗan kwana biyar ba.

Hanyar da ta buɗe wannan ƙofa ita ce rarraba ƙwayoyin gadon bairos ɗin a cikin jel da wutar lantarki. Gadon rotabairos RNA ne mai igiya biyu, kuma a yanke yake gida 11. Idan aka ciro shi daga bayan gida aka ɗora a kan jel na poliyakrilamayid aka kunna wuta, kowane yanki zai yi tafiya gwargwadon girmansa, ƙanana su yi nisa manya su tsaya kusa, sai a rina a ga layuka 11. A rukunin A layukan suna zuwa a jere huɗu, biyu, uku, biyu, amma tazarar da ke tsakaninsu tana bambanta daga wannan nau'i zuwa wancan, don haka kowane nau'i yana da zanensa. Suzanne Rodger da Holmes da Bishop da wasu suka bi samfuran Melbon na 1973 zuwa 1979 da wannan hanya, suka wallafa a 1981. A cikin yara masu gudawa sun sami zane iri 17, wani ya mamaye na wani lokaci ya ɓace wani ya maye gurbinsa. A cikin jarirai kuwa zane biyu kawai suka samu, masu kama da juna, waɗanda suka zauna a ɗakunan jariran shekara da shekaru, kuma ba su ne suke yawo a cikin gari ba. Ashe bairos ɗin jariran wani nau'i ne daban.

Bishop da Barnes da abokan aikinsu suka bi jarirai 81 har shekara uku, 44 da suka kamu da rotabairos a kwanakinsu na farko da 37 da ba su kamu ba. Sakamakon da ya fito a 1983 ya nuna cewa ɓangarorin biyu sun kamu daga baya kusan daidai da juna, amma waɗanda suka kamu tun suna jarirai ciwon ya zo musu da sauƙi sosai. Daga wannan nau'i na jarirai, mai suna RV3, aka samar da rigakafin RV3-BB, wanda aka gwada a Indonesiya aka ba da rahoto a 2018 cewa idan aka fara ba da shi tun daga haihuwa yana kare kashi 75 cikin ɗari na gudawar rotabairos mai tsanani har zuwa wata 18.

Jel ɗin yana da wata fa'ida da ya kamata a ambata. Tun da ba ya dogara da sinadarin garkuwa, yana ganin rotabairos ɗin da ELISA ya makance a kansa. Da aka sami manyan ɓarkewar gudawa a tsakanin manya a ƙasar Sin a 1982 da 1983, madubi ya nuna rotabairos, gwajin furotin na rukunin A ya ce babu, zanen jel kuma ya fito da wani jeri daban, aka gane cewa rukunin B ne.

PCR da matsalar gani fiye da kima

Lokacin da maganar rigakafi ta kankama, sai bukatar ta koma sanin nau'in da yake yawo, saboda garkuwar jiki tana kai hari ne ga furotin biyu na ɓawon waje, VP7 da VP4. Da na farko ake ba nau'i lambar G, da na biyu lambar P, shi ya sa ake rubuta G1P[8] ko G2P[4]. A Melbon Barbara Coulson ta samar da gwajin ELISA mai tantance lambar G a shekarun 1980. A 1990 Vera Gouvea da abokanta suka kawo hanyar RT-PCR ta tantance G, a 1992 Jon Gentsch da abokansa suka kawo ta P, kuma waɗannan ne suka zama ginshiƙin aikin sa ido, ciki har da shirin sa ido kan rotabairos na Ostireliya da aka fara a Melbon a 1999.

A RT-PCR ana ciro RNA daga samfuri, a dumama shi kusa da tafasa domin igiyoyin biyu su rabu, a mayar da shi DNA da wani enzayim, sannan a riƙa ninka wani zaɓaɓɓen yanki zagaye bayan zagaye. Bayan gida samfuri ne mai wahalar sha'ani, saboda gishirin ruwan matsarmama da wasu sinadaran abinci suna hana enzayim ɗin aiki, don haka ɗakin gwaji mai kula yakan saka wata sananniyar ƙwaya a kowane samfuri, idan ita ma ba ta bayyana ba a san cewa gwajin ne ya gaza. A irin PCR da ake bin sa yana tafiya, na'ura tana rubuta zagayen da alamar ta fara bayyana, wanda ake kira Ct. Kowane zagaye ninki biyu ne, saboda haka samfurin da ya bayyana a zagaye na 15 ya fi wanda ya bayyana a na 25 yawan bairos kusan sau dubu.

Ƙarfin ganin PCR ya dawo da tambayar ɗakin jarirai a wata siffa. A 1998 ƙungiyar Melbon ta wallafa binciken yara 37 da aka kwantar da gudawar rotabairos, aka riƙa gwada bayan gidansu bayan sun koma gida. Tsawon lokacin da suka yi suna fitar da bairos ya kama daga kwana 4 zuwa kwana 57, kuma 11 daga cikinsu sun kai kwana 25 ko fiye. Ma'anar wannan ga likita a bayyane take. Yaron da ya yi rotabairos wata guda da ya wuce, yau kuma Shigella ta kama shi, PCR zai iya cewa rotabairos, kuma idan aka tsaya a nan za a hana shi maganin da yake bukata. ELISA, saboda ba ya kama bairos sai yana da yawa, ya fi dacewa da ciwon da ake gani a gado, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa cibiyar sa ido ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka kafa a 2008, ta tsaya a kansa wajen tabbatar da cutar, ta bar PCR ga tantance nau'i. Ƙa'idar cibiyar kuma ita ce a ɗauki bayan gida cikin awa 48 da kwantar da yaro, domin kada a ƙirga bairos ɗin da ya ɗauka a cikin asibitin.

Ba na ganin wannan a matsayin hujjar guje wa PCR. Babban binciken GEMS, da aka yi a Gambiya da Mali da Mozambik da Kenya da Indiya da Bangladesh da Pakistan, ya ɗauki samfuri daga yara masu gudawa da kuma takwarorinsu masu lafiya. Da aka sake gwada samfuran da PCR mai auna yawa aka wallafa a 2016, aka yi la'akari da yawan ƙwaya a kowane ɓangare, kason gudawar da aka iya danganta wa wata ƙwaya ya tashi daga kashi 51.5 zuwa 89.3 cikin ɗari. Kason adenobairos 40 da 41 ya ninka kusan sau biyar, na rotabairos kuwa bai sauya sosai ba. Wato ga rotabairos tsohon gwajin ya riga ya isa, ga adenobairos ya bar yara da yawa a baya. PCR ya yi amfani a wannan bincike ne saboda akwai yara masu lafiya da aka auna da su, irin tsarin da aka bi da yara taran nan marasa gudawa na 1974.

Bayan shigowar rigakafi

Ostireliya ta saka rigakafin rotabairos, wanda ake ɗiga wa jariri a baki, cikin shirinta na ƙasa a watan Yuli na 2007, kuma kwantar da yara saboda cutar ya ragu sosai. Wannan nasara ta haifar wa ɗakunan gwaji matsala biyu.

Ta farko ta lissafi ce. A ɗauka, domin misali kawai, akwai gwajin gaggawa da yake kama 95 cikin kowane yara 100 masu bairos, yake kuma yin kuskure a kan 5 cikin kowane 100 marasa shi. Idan cikin yara 1,000 rabi suna da cutar, gwajin zai nuna 475 na gaskiya da 25 na ƙarya, abin da kowane likita zai iya zama da shi. Idan kuwa 20 ne kawai suke da ita, zai nuna 19 na gaskiya da 49 na ƙarya. Gwajin bai sauya ba, amma yanzu mafi yawan waɗanda ya ce suna da cutar ba su da ita. Hakan ya auku a zahiri a jihar Queensland, inda aka ga alƙaluman rotabairos suna hawa ba tare da dalili ba, aka sake gwada samfuran 2011 da 2012 da PCR, sai aka tarar da yawa daga cikin waɗanda wani gwajin gaggawa na kasuwa ya ce suna da bairos ba su da shi.

Ta biyu ta samo asali ne daga rigakafin kansa. Rotarix da RotaTeq, nau'o'in rigakafin biyu, duk bairos ne mai rai da aka raunana, yana hayayyafa a hanjin jariri ya fito a bayan gida. Bayan ɗigon farko na Rotarix, rabin jarirai ko fiye suna fitar da furotin ɗin bairos a wajen kwana na bakwai, kuma PCR yana ci gaba da ganin sa bayan haka. Da manyan ɗakunan gwaji suka koma PCR mai neman ƙwayoyi da yawa a bututu ɗaya, sai aka fara samun jarirai 'yan wata biyu zuwa shida da takardarsu ta ce rotabairos, kuma da masu bincike a Queensland suka tantance samfuran irin waɗannan jarirai, sun ga cewa kaso mai yawa bairos ɗin rigakafi ne. Ana iya bambancewa, domin RotaTeq an gina shi a kan rotabairos na shanu kuma VP6 ɗinsa yana nuna haka, Rotarix kuma ana gane shi da gwajin da aka tsara a kan wani yanki na gadonsa mai suna NSP2 ko da karanta jerin gadon. Amma ba kowane ɗakin gwaji ne yake da waɗannan ba, don haka abin da ya fi sauƙi shi ne likitan da ya aika samfuri ya rubuta ranar da aka ɗiga wa jaririn rigakafi, ɗakin gwajin kuma ya ƙara bayani a sakamakon duk jaririn da bai wuce wata takwas ba cewa bairos ɗin yana iya zama na rigakafi, ya tura samfurin cibiyar tantancewa idan ana bukatar tabbaci.

A gefen gadon yaro ɗaya, sunan bairos ɗin ba ya sauya magani, domin ruwan gishiri da sukari ne ko ƙarin ruwa ta jijiya idan bushewar ta yi tsanani. Gwajin yana da amfani ne wajen hana ba da maganin bakteriya babu dalili, da ware masu cutar a ɗaki ɗaya, da kula da yaron da garkuwarsa take da rauni, da kuma sanin ko nau'o'in da suke yawo sun fara kauce wa rigakafi. Don wannan aiki na ƙarshe ne asibitocin jihohin Ostireliya suke ajiye samfuran da suka nuna rotabairos a daskare suna aika su cibiyar binciken yara ta Murdoch da ke harabar asibitin na Melbon, inda ake sake tabbatar da su, a ware na rigakafi, a tantance lambar G da P ta sauran, a wallafa rahoto kowace shekara.